Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Saura mako 3 a fara jarrabawa na faɗo daga kan acaɓa a Ibadan. Na dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Kawuna ya ce a kai ni wajen maɗori, amma hoton ƙashi ya nuna karayar ta shiga gaɓa. Sai aka yi mini tiyata, aka riƙe ƙashin da ƙarfe da kusoshi.

Bayan mako 2 aka cire zare. Likita ya ce ƙashin zai ɗauki kamar mako 6 kafin ya haɗe, in riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji ina motsa yatsu don kumburi ya sace.

Kunya ta fi ciwon damuna. Da hagu nake ci, da hagu nake miƙa wa mai amala kuɗi ina ba ta haƙuri, domin Yarabawa ma ba sa son hagu. Ni da ba na son roƙo, ga abokin ɗakina yana sa mini maɓallin riga, yana kwafar mini darasi.

Jarrabawar dai ta wuce ni. Amma ranar da na sake riƙe biro na rubuta sunana a karkace, sai da na yi ƙwalla.