Kada A Ci Amanar Mai Karatu

Duk lokacin da wani ɗan'uwa marubuci ya ba ni gajeren labarinsa na binciken laifi don in duba, shafin ƙarshe nake fara karantawa. Da na ga wanda ya yi kisan, sai in koma farko in neme shi. Sau da yawa ba na samunsa: a ƙarshe ake jefo shi daga sama, ko kuwa ɗan sanda ya gano shi ta mafarki ko bugun ƙasa.

Nan ne nake cewa a sake lale. Tun 1929 Ronald Knox, marubuci ɗan Ingila, ya tsara ƙa'idoji 10 na irin wannan labari. Ta farko ta ce a ambaci mai laifin tun farkon labari, ta biyu kuma ta hana aljanu da tsafi shiga ciki.

Labarin bincike tamkar kacici-kacici ne. Duk alamar da ɗan sanda ya gani, tilas mai karatu ya gan ta, don shi ma ya gwada basirarsa. Wasu kan ji zafin wannan shawara, amma ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.