Gashin 'ya'yanmu ba bashi ba ne

A zamanmu na wannan wata, iyaye mata uku sun kawo ƙorafi iri ɗaya: ana matsa wa 'ya'yansu masu dogon gashi a makaranta da shagon gyaran gashi a nan Legas, wai su yanke su bayar saboda masu ciwon daji. Ɗaya har marowaciya aka kira ta.

Abin daga Amurka da Ingila ya taso. Ƙungiyoyi irin su Locks of Love da Little Princess Trust suna karɓar gashi, su haɗa hular gashi ga yaran da ciwo ko magani ya zubar musu da nasu. Aikin tausayi ne, ba mu musa ba. Amma can mutum da kansa yake aika nasa. Nan kuwa wa ke karɓa, ina za a kai shi? Gashin mutum fa kuɗi ne a kasuwa.

Ga shi malamanmu sun hana ƙarin gashi da gashin ɗan Adam, don haka yarinya tana da hujjar ƙi. Mun amince za mu rubuta wa shugabannin makarantun. Mai son taimako, asusunmu na marasa lafiya a buɗe yake, asibitoci kuma kullum neman jini suke yi.