Katin rigakafin yaronki yana wace waya?

Da yawa daga cikin masu zuwa kantin magani yanzu ba takarda suke miƙo mini ba, waya suke miƙowa. Hoton takardar likita ne, ko kwalin maganin hawan jinin Baba da ke can gida Katsina, ko sakamakon gwajin jinin sikila, ko katin rigakafin jariri. Ni kam ina son wannan ɗabi'a, domin hoton kwali ya fi "wani farin ƙwaya ƙarami" da ake kwatanta mini da baki. Damuwata ita ce, a Legas ko Abuja waya ba ta da tabbas. A fizge ta a cikin cunkoso, ko ta faɗa bokitin wanki, shi ke nan tarihin lafiyar gida ya bi ta.

Maganin abin shi ne ma'ajiyar intanet, inda waya ke tura kwafin hoto da kanta. Mai Tecno, Infinix, itel ko Samsung yana da Google Photos, da gigabayit 15 kyauta. Sai dai wannan 15 ɗin tukunya ɗaya ce da Gmail da Google Drive, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki take ci. Bidiyoyin biki da ke taruwa daga zauren dangi na iya cika ta, kuma idan ta cika, hatta saƙon imel ba ya shigowa. Zamanin ajiya kyauta ba iyaka ya ƙare tun 1 ga Yunin 2021. Mai iPhone kuwa gigabayit 5 kacal iCloud ke ba shi, wanda ba ya kai ko'ina sai an biya kuɗin wata. OneDrive na Microsoft shi ma 5 ne.

A gidan da maigida ke riƙe da iPhone, uwargida Tecno, ni Google Photos nake zaɓa, don yana aiki a kan duka biyun. iCloud ya fi daɗi idan kowa Apple yake riƙewa, amma a kan Android sai dai a leƙa shi ta shafin intanet.

Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne zaton cewa ma'ajiyar nan akwati ce da aka kulle a ɗaka. Madubi ce. Idan kika goge hoto a cikin Google Photos ko a iPhone mai haɗe da iCloud, ya gogu a can sama, ya gogu a ƙaramar kwamfutar hannu da yara ke kallon katun. Akwai ɗan sassauci: iCloud na riƙe abin da aka goge kwana 30, Google kwana 60, a kwandon shara. Wadda ke neman wuri a waya, akwai maɓallin Google Photos na musamman da ke cire kwafin waya ya bar na sama, shi za ta nema.

Madubin nan yana da wata fuskar kuma. Hoton ƙurji a mama da kika ɗauka don nuna wa likita zai iya bayyana a kwamfutar yaran nan, muddin asusu ɗaya ne a kai. Google na da babban fayil mai kulle, iPhone na da kundin ɓoye, a yi amfani da su. Game da al'aurar yara kuwa, shawarata kada a ɗauka sam, a kai yaron a gan shi. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a Amurka da ya ɗauki irin wannan hoton na ɗansa don likita, na'urar Google ta ɗauka cin zarafi ne aka rufe masa asusu. 'Yan sanda sun wanke shi, amma a lokacin da labarin ya fito kamfanin bai mayar masa da asusun ba.

Sai batun mabuɗi. Mata nawa ne yaron shagon waya ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba? Hotunan suna nan lafiya lau, mai su ce ba ta da hanyar shiga. Ki karɓi kalmar, ki canza ta, ki rubuta a littafi, ki kuma tabbata lambar da aka ɗaura wa asusun layinki ne mai aiki. Google na iya share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba, wanda ya kamata masu riƙe da wayar mamaci su sani.

A gidana takardun asibiti suna da kundi nasu daban, kowane yaro da sunansa, ni da abban yara muna iya buɗewa. Duk ƙarshen shekara nakan kwashe kwafi in zuba a filashi, in ajiye shi a jakar da takardun haihuwa suke. Na kuma saita wayar kada ta tura hoto sai ta samu Wi-Fi, saboda tsadar data.