Lakwaja: Garin Mahaɗar Ruwa Da Sawun Bishop Crowther

Duk matafiyin da ya hau Dutsen Patti ya dubi ƙasa, zai hangi inda Kogin Kwara da na Binuwai suka gamu, suka miƙa kudu a tare. A gindin dutsen nan Lakwaja take, watau babban birnin Jihar Kogi tun 1991. Mutanenmu sun fi saninta da kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe, kamar Sarkin Kano Alu Babba. Amma akwai wani dattijo da ya bar sawunsa a garin, shi ne Samuel Ajayi Crowther.

Bayarabe ne, mutumin Osogun. Yana yaro aka kama shi bawa a 1821, aka sayar da shi ga fatake na bakin teku. Jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da ke ɗauke da su a 1822, aka sauke su a Saliyo. Can ya yi karatu, ya shiga aikin mishan. A 1841 ya fara hawo Kwara tare da Schön, Bajamushen nan da ya wallafa ƙamus na Hausa. A 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko da ya sami wannan muƙami a ɗarikar Angalikan.

In ka gangara cikin gari za a nuna maka makarantar Holy Trinity, wadda aka kafa a zamaninsa, a 1865. A harabarta akwai wasu ƙarafa biyu. An ce duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa.

Abin lura shi ne yadda ya zauna da Musulmi. Lakwaja a lokacin tana ƙarƙashin ikon Etsu Nupe Masaba, Crowther kuwa yakan je Bida ya yi gaisuwa cikin ladabi. Amana ta kai har Etsu Maliki ya aike masa da takarda, yana neman ya roƙi Sarauniyar Ingila ta hana kawo barasa ƙasar Nupe.

Allah Sarki! A 1890 wasu samarin Turawan mishan suka tozarta shi, suka dakatar da ma'aikatansa. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Sarakunan da ba addininsu ɗaya ba sun san girmansa, 'yan gida ne suka kasa. Jama'a, wanda hanya ta bi da shi Lakwaja, ya daure ya tsaya ya ga wuraren nan da idonsa.