Hutun Takaba Da Masu Tsinkar Auduga

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato hutun ɗan ƙwadago. Dokar aiki ta Sudan ta shekarar 1997 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako takwas da cikakken albashi, ta kuma hana a sallame ta tana da ciki ko tana jego. Wadda mijinta ya rasu tana da hutun takaba, wata huɗu da kwana goma, ana biyanta. Har maniyyaci an ba shi kwana 15, sau ɗaya, in ya shekara uku a bakin aiki. Wannan kan sa ni murmushi, domin kuwa kakanninmu shekaru suke yi a hanyar Makka, wasu ma a Mai Wurno tafiyar ta tsaya.

To, amma dokar nan ta tsame ma'aikatan gona, in ban da masu aiki da injuna da na wuraren sarrafa amfani, kamar gidan gurzar auduga. Mu kuwa tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, yawancinmu aikin ke nan: shuka da noma da tsinkar auduga a hawashar wani.

Goggona ta shekara goma sha tana yi wa mutum guda aiki. Allah ya yi wa mijinta rasuwa ana gab da fara tsinka, ta shiga takaba. Ba a yi sadakar arba'in ba mai hawasha ya aiko cewa ya sa wasu a madadinta, rabon dawar da aka saba ba ta ma ya riƙe. Maƙwabciyarta a kambo, wadda ke aiki a gidan gurza, ta yi tata takabar ana kai mata kuɗinta. Auduga ɗaya ce fa, wannan ta tsinka, waccan ta gurza.

Dattawa sun je sun yi masa magana, ya ce ai ba shi ya kashe mijin ba. Ofishin ƙwadago kuwa ba a ko je ba, don an san amsar.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya watsa ƙauyuka da yawa. Masu komawa gona, roƙona gare ku shi ne kada a ɗauki fartanya sai an zauna da mai hawasha gaban liman da shaidu biyu, a faɗi abin da za a yi in haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa ta gitta, a rubuta, kowa ya riƙe tasa takardar.