Gida Huɗu, Buhu Ɗaya: Ranarmu a Kasuwar Dawanau

Iyayenmu mata ne suka yi shawarar, mu aikenmu kawai aka yi. Gidaje huɗu na layinmu suka haɗa kuɗin cefanen wata, aka damƙa mana da yake muna hutun jami'a, aka ce mu tafi Dawanau. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, awon kwano-kwano a shagon unguwa ya zama abin da ke cinye albashi tun wata bai raba ba.

Da hantsi muka hau adaidaita sahu muka bi titin Katsina, muka wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa. Tun kafin mu sauka muka fara ganin tireloli a jere, wasu za su Kudu, wasu ƙasashen maƙwabta. Kasuwar tana ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Ko'ina ƙura da ƙaiƙayi, ga 'yan dako suna ta "hanya, hanya!" Wani ɓangaren riɗi ne da zoɓo da citta, waɗanda har ƙasashen waje ake kai su. Mu dai gero da wake suka kawo mu.

A rumfar wani dattijo muka fi daɗewa. Abokinmu ya tambayi kuɗin buhu, ya juya zai tafi.

"Samari, ba a sayen wake da ido," in ji shi. "Sa hannunka can ƙasa."

"To, Baba."

Ya debo, muka duba ko akwai huji, muka ciza ƙwaya ɗaya don mu ji ko ya bushe. Dattijon ya ce babban buhu yakan ba da kwano arba'in, amma mu nemi a auna a gabanmu, domin akwai buhun da cikarsa a baki take kawai. Aka auna. Ya cika.

Sai dai arahar tana da 'yan rakiya. Mun biya ɗan dako, mun biya buhunan rabo, mai adaidaita kuma da ya ga kaya ya ninka kuɗinsa. Da gida ɗaya ne ya zo sayen kwano biyar, wallahi gara ya tsaya a shagon unguwa. Da muka raba ɗawainiyar gida huɗu ne rarar ta fito, har ta isa sayen manja da albasa. Mun kuma makara: da kaka ya kamata a zo, lokacin da sabon hatsi ya sauko, ba gab da azumi ba da kowa ke neman gero.

Da la'asar muka baza tabarma a tsakar gida, kwano goma-goma. Hajiya ta hana a bar waken a buhu. Ta sa muka ɗura shi a busassun jarkoki muka toshe sosai, domin ƙwarin wake ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Sauran gidajen har sun fara maganar buhun masara na wata mai zuwa.