Shekara Uku Da Na Ɓoye: Nasiha Ga Masu Neman Aiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, ranar Juma'ar nan da ta wuce, muna fitowa daga Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, sai ɗan ƙanwata ya jawo ni gefe. Yaron nan ya gama Jami'ar Jihar Kaduna, ya yi bautar ƙasa, shekara biyu ke nan yana yawo da takardu a ambulan daga wannan ofis zuwa wancan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, an samo mini gurbi a wata ma'aikata, amma sai an ba da kuɗi, kuma sai na rage shekara biyu. Kowa haka yake yi." Na ce masa ya zo gida bayan Isha'i. Abin da na faɗa masa daren nan shi ne nake so in faɗa wa sauran 'ya'yanmu, maza da mata, masu fitowa daga makarantu.

Na sani malamai sun hana mutum ya tona abin da Allah Ya rufa masa. Amma Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labarin laifinsa da bakinsa bayan an karɓi tubarsa, don na baya su wa'aztu. Da wannan niyya nake magana, Allah Shi ne shaida.

An haife ni a 1958. Na sami babbar difloma ta aikin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1984, na yi bautar ƙasa, na komo gida a 1985. Yaran yau suna tsammanin a zamaninmu aiki ke bin mutum har gida. Wannan ya yiwu ga yayyenmu, waɗanda suka ci ƙarin albashin Udoji a 1974. Mu kuwa mun fito kuɗin man fetur sun ja baya, gwamnati na ta sallamar ma'aikata, sa'an nan a 1986 aka kawo shirin tsuke bakin aljihu. Kullum da safe sai in taka daga Kawo in je inda ake sayar da jaridu a kan titin Ahmadu Bello, in duba shafin neman ma'aikata na New Nigerian a tsaye, gama ba ni da kuɗin saye. Mahaifina ya tsufa, ga ƙanne bakwai a bayana.

Ana nan, sai wata ma'aikata ta yi cigiyar akanta, amma da sharaɗin kada ya wuce shekara 25. Ni kuwa ina da 28. Wani abokina ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ya kai ni inda ake yin takardar rantsuwar shekaru, na sa hannu cewa a 1961 aka haife ni. Abin bai ɗauki rabin sa'a ba. Na fito ina murna, alhali kuwa na ɗauki kayan da zan yi shekaru ina nishi a ƙarƙashinsa.

Ranar ganawa, watau intabiyu, muka jeru a kan benci mu wajen goma sha. Kusa da ni akwai wani saurayi mai kunya, ya ce mini shekarunsa 24, mahaifiyarsa ce ta sayar da akuyarta ta ba shi kuɗin mota. Da aka kira ni, na tarar da mutum huɗu a bayan tebur. Tambayoyin lissafi duk na amsa su. Sai shugabansu, wani dattijo mai furfura, ya ɗauki takardar firamare tawa, wadda ta nuna na shiga aji ɗaya a 1965. Ya dube ta, ya dubi takardar rantsuwa, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ashe kai daga yaye aka wuce da kai makaranta?" Nan take na ce mahaifina malamin makaranta ne, shi ya riƙa tafiya da ni. Mahaifina kuwa tela ne, bai taɓa riƙe alli ba. Kun ga yadda ƙarya ta haifi 'yar'uwarta tun ban tashi daga kujera ba. Dattijon bai ƙara cewa kome ba. Aka ɗauke ni. Saurayin nan ban sake ganinsa ba, amma fuskarsa ba ta bar ni ba har yau.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa ai na iya aikin, kuma ban ci kuɗin kowa ba. Sai wani dare, a masallacin unguwarmu, malam yana karanta mana Riyadus Salihina, aka zo kan labarin Ka'abu. Bai fita Yaƙin Tabuka ba, kuma ba shi da uzuri. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya komo Madina, munafukai suka yi ta kawo uzurin ƙarya da rantse-rantse, aka ƙyale su. Ka'abu mutum ne mai iya magana, da ya so da ya tsara tasa, amma ya faɗi gaskiya. Aka ƙaurace masa kwana 50, sa'an nan Allah Ya saukar da karɓar tubarsa a Suratut Tauba. A wannan zama ne kuma malam ya yi bayanin rantsuwar ƙarya da gangan, cewa tana cikin manyan zunubai, malamai suna kiranta mai dulmiyarwa, don tana dulmiya mai ita cikin zunubi. Jikina ya yi sanyi. Da aka watse na tsaya na gaya masa kome. Ya ce in tuba, in gyara takarduna in da hali, kuma kada in ƙara ko kwana ɗaya a kujerar bayan ainihin lokacina.

Doka ta ce ma'aikaci ya huta idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki. A takarda, lokacina 2021 ne. Na rubuta wa shugabannina gaskiyar magana, na sha kunya, na kuma ajiye aiki a 2018. Waɗansu abokan aiki suka ce na haukace, na bar albashin shekara uku. Wallahi ban taɓa barci mai daɗi irin na daren da na miƙa wasiƙar nan ba.

To, ya 'ya'yana, ga abin da nake roƙonku. Ku sani aiki amana ne tun kafin ya zama hanyar abinci. A Suratul Ƙasasi, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa aiki sabo da hali biyu: ƙarfi da riƙon amana. Ƙarfi a nan ya haɗa da sanin aikin. Abu Zarri ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah ya hana shi duk da tsoron Allahnsa, don ya ga ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Mu a nan mun ga abin da rashin wannan ke jawowa: a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce sama da 21,000 ba su ci ba. Kowa da ra'ayinsa a kan yadda aka yi, amma 'ya'yan talakawa ne suka zauna a gabansu. Sabo da haka kafin ranar ganawa ku koma ku buɗe littattafanku, ku binciki abin da ma'aikatar ke yi, ku jera takardunku, ku tabbata suna da ranar haihuwa ɗaya ne a cikinsu duka. Ku sa tufa mai tsabta, ku isa kafin lokaci, ku yi sallama, kada ku zauna sai an ce ku zauna.

Idan aka tambaye ku abin da kuka iya, ku faɗa ba tare da noƙewa ba. Mu Hausawa kunya takan cuce mu a nan. Annabi Yusufu da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma bayyana cewa shi mai tsarewa ne, masani. Idan kuma aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, amma za ku koya. Imamu Maliku, wanda muke bin mazhabarsa, ya shahara da faɗin haka, bai kuwa rage masa daraja ba. Daga baya ni ma na zauna a bayan teburin nan sau da yawa, kuma ina tabbatar muku, mai kame-kame ba ya ɓoyuwa, ko da an yi masa kara irin wadda dattijon nan ya yi mini.

Game da sayen gurbi kuwa, an ruwaito la'ana a kan mai ba da rashawa da mai karɓa. Babu laifi wani wanda ya san ƙoƙarinka ya yi maka shaida ta gaskiya. Amma wanda ya sayi kujera, da me zai mai da kuɗinsa in ba da abin da ke kan teburin ba? Ban manta da ƙuncin da kuke ciki ba. Mun ga yadda matasa suka rasa rayukansu a turmutsitsin neman aikin shige da fice a watan Maris na 2014. Sai dai arziki ba a ofis kaɗai Allah Ya ajiye shi ba. Abdurrahmanu ɗan Aufu ya isa Madina hannu wofi, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya ce a nuna masa kasuwa. Ga Panteka nan, ga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mai ilmi bai fi ƙarfin ya koyi sana'a a cikinsu ba kafin Allah Ya kawo abin da yake nema.

Ɗan ƙanwata ya yi shiru ya ce, "Kawu, in na bar wannan, wani zai saya." Na ce haka ne, kuma ba ni da alkawarin wani aikin da zan yi maka. Kuɗin da ka zo nema, ga shi in jari za ka yi. Ya ce zai yi istihara. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, su sa ni, su kuma sa saurayin nan na kan benci, duk inda yake, Allah Ya sa ya yafe mini.

Allah Ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, Ya sa mu cika da imani, amin.